Manhajar Kula da Ma'aikata: A Fara Gwada Ta a Birnin Gwari

Duk manhajar kula da ma'aikata da ake son sanin ingancinta, ya kamata a gwada ta a Birnin Gwari kafin a kai ta Abuja. A ofishin da ke da wutar lantarki da intanet mai ƙarfi kowace manhaja gwana ce. Amma malamin firamare a Kuyello, ko ungozoma a Randagi, ko ma'aikacin gandun dajin Kamuku, tambayarsa ɗaya ce: shin wannan abin zai rage masa hawa hanya, ko ƙara masa zai yi?

Manhajar da ake magana a kai ita ce wadda ke riƙe fayil ɗin ma'aikaci, tana lissafa albashinsa, tana bin diddigin hutunsa da ƙarin girmansa da ƙorafinsa. Manyan kamfanonin duniya suna amfani da irin su Workday da SAP SuccessFactors, a Najeriya kuma akwai irin su SeamlessHR da ke Legas. Masu tallata su suna cewa za su sauƙaƙa wa ma'aikaci rayuwa. Sai dai yadda gwamnatoci suka shigo da wannan fasaha, ba ma'aikacin aka sa a gaba ba.

Na'urar kamu

A shekarar 2007 gwamnatin tarayya ta fara amfani da tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, wato IPPIS, kuma babban burinsa shi ne kawar da ma'aikatan bogi. A 2015 gwamnatin Nasir El-Rufai ta tantance ma'aikatan Jihar Kaduna ta hanyar ɗaukar zanen yatsa, da wannan manufar. Babu mai hankalin da zai ce a bar sunayen bogi su ci gaba da cin kuɗin jama'a, domin kowace naira da ta tafi aljihun wanda ba ya aiki, daga bakin mai aikin aka cire ta.

Matsalar ita ce an tsaya a nan. Ma'aikaci ya san kwamfuta a matsayin wadda ke iya cire sunansa, bai san ta a matsayin wadda ke iya gyara masa kuskure ba. Rikicin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da IPPIS darasi ne: malaman sun daɗe suna ƙorafin cewa tsarin bai san yanayin aikinsu ba, har suka fito da nasu mai suna UTAS, kuma a watan Disamba 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Idan farfesa mai ƙungiya da lauyoyi ya sha wahala da tsarin da aka gina ba tare da jin ta bakinsa ba, ina ga ƙaramin ma'aikacin ƙauye?

Kuɗin mota da kasadar rai

Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiyar sama da kilomita 100 ce, ta Udawa da Buruku, a kan hanyar da ta yi shekaru tana cikin mafi hatsari a Arewa saboda 'yan bindiga. An samu sauƙi tun bayan sulhun da ya kai ga Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin a watan Nuwamba 2024, amma wanda ya san hanyar bai daina addu'a ba kafin ya shiga mota.

A ɗauki misalin malamar da aka rubuta ranar haihuwarta ba daidai ba, ko aka biya ta albashin matakin da ta riga ta wuce. Gyaran da bai wuce minti biyar ba a kwamfuta zai ci mata kuɗin mota zuwa da dawowa, da kwanan gidan dangi, da ajin da ta bari babu kowa. Ta isa kuma a ce mai sa hannu ya fita, ta dawo mako mai zuwa. Ma'aikacin cikin birni asarar yini zai yi. Ita kuwa har da ranta ta sa a kasada. Shi ya sa ƙwararru ke gudun a tura su irin waɗannan wurare, makarantu da asibitocin karkara su zauna babu ma'aikata.

Manhajar da ta san babu sabis

A ƙarshen watan Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna, ciki har da Birnin Gwari, saboda dalilan tsaro, kuma sai da aka yi kusan wata biyu kafin a dawo da su. Duk manhajar da ke buƙatar a shiga intanet kullum domin a nuna an zo aiki, a irin wannan lokaci za ta rubuta cewa kowa ya yi fashi, alhali mutane suna bakin aikinsu.

Maganin ba sabon abu ba ne. Manhajoji irin su ODK da KoboToolbox, waɗanda ma'aikatan lafiya da na agaji suka saba da su, suna adana bayanai a cikin waya ko da babu sabis, sai an samu netwok su tura. Haka kuma bankuna sun nuna cewa da lambar USSD ƙaramar waya mai madannai za ta iya tura kuɗi da duba abin da ya rage a asusu. In har banki zai iya, hukumar da ke biyan albashi ba ta da hujja.

Abubuwa huɗu ne za su canja wa ma'aikacin wannan yanki rayuwa. Na farko, takardar albashi ta zo masa ta saƙon tes duk wata, da bayanin abin da aka cire na fansho da haraji da ƙungiya, ba alat na banki kawai ba. Na biyu, kowane ƙorafi ya samu lambar da zai riƙa bibiya da ita daga wayarsa, da sunan ofishin da fayil ɗin ya maƙale da adadin kwanakin da ya yi a can. Na uku, idan za a yi tantancewa, na'urar ɗaukar yatsa ce za ta zo Birnin Gwari, tunda jami'ai biyu da akwati ɗaya sun fi sauƙin tafiya a kan ma'aikata ɗaruruwa. Na huɗu, manhajar ta riƙa ƙirga shekarun da mutum ya yi a wuri mai wahala, domin su yi masa amfani wajen alawus da sauyin wurin aiki, ba sai yana da uban gida a hedikwata ba. Duk wannan kuma a yi shi da Hausa da Turanci, ma'aikaci ya zaɓa.

Sirri a nan batun rai ne

Akwai wani ɓangaren da masu gina manhaja daga nesa ba sa hangowa. Jerin sunayen ma'aikata mai ɗauke da albashin kowa da lambar wayarsa da ƙauyen da yake kwana, a yankin da aka sha fama da masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto, makami ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Ya kamata a daina yawo da irin wannan jeri a zaurukan WhatsApp ko manna shi a allon sanarwa. Manhaja mai kyau tana taƙaita wanda zai ga me, tana kuma ajiye sunan duk wanda ya buɗe fayil. Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, kuma hukumomin gwamnati ba su fita daga ciki ba. Haka nan, bin sawun ma'aikaci da GPS abu ne da sai an yi taka-tsantsan: yana iya ceton ma'aikacin gandun daji da ya ɓata a dajin Kamuku mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100, yana kuma iya tona inda yake.

Wasu za su ce duk wannan kuɗi ne. Gaskiya ne, amma saƙon tes bai kai kuɗin kwamitin tantancewa ɗaya ba, bai kuma kai asarar ajin da ya yi zango babu malami ba. Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne a zauna da ma'aikatan a tambaye su kafin a sa hannu a kwangila, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin wata hukuma a Kaduna ta sake sayen manhajar ma'aikata, ta sa wa kamfanin sharaɗi guda: a ba malama a Dogon Dawa ƙaramar waya, ta gyara kuskuren albashinta ba tare da ta bar garin ba. Manhajar da ta ci wannan jarrabawa za ta yi aiki a ko'ina cikin jihar.