Kafin A Kira Wanzami Ya Cire Hakin Wuya, A Tambayi Wa Zai Tsayar Da Jinin

Kusan kowane gida ya san wannan: yaro ya kwana da zazzaɓi, ya kasa haɗiyar yawu, sai kaka ta leƙa bakinsa ta ce hakin wuya ne, a kira wanzami.

Ba raina wanzamai nake ba, su suka yi mana aski ranar suna. Amma a ganina bai kamata a sa aska a maƙogwaron yaro a inda ba a iya tsayar da jini ba.

Abin da wanzami ya fi yankewa shi ne belu, ɗan naman da ke reto a tsakiya. Wanda ke kumbura har da ruwa kuwa yawanci tsokoki biyu ne na gefe da gefe, waɗanda likitoci ke kira tansil. Hanyoyin jini da yawa ne ke shiga cikinsu, ga babbar jijiyar wuya ba nisa da wurin. Jaririn da ke da nauyin kilo 3, duk jinin jikinsa kamar rabin ledar fiyo wata ne. Nawa zai zubar kafin Keke Napep ya kai shi asibiti?

A asibiti sai an sa wa yaro maganin barci, a zura masa bututun numfashi don kada jini ya gangara huhu. Likita ya ɓanɓaro tsokar a hankali, duk jijiyar da ta ɓalle ya ɗaure ta da zare ko ya ƙone bakinta da na'urar lantarki. Ba ya ajiye kayan aiki sai ya ga wurin ya bushe. Kuma ba kowane ciwon wuya ake yi wa tiyata ba. Galibi sai ciwon ya dawo sau 7 a shekara guda, ko sau 5 a kowace shekara har shekara 2, ko kuma yaro na minshari yana ɗauke numfashi cikin barci. In ba haka ba magani ya wadatar.

Ga inda iyaye ke sakaci. Duk da wannan shiri, jini na iya ɓallewa cikin awa 24 na farko, ko kuma tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin da farin ɓawon da ya rufe ciwon ke faɗuwa. A lokacin an dawo gida, 'yan dubiya sun watse, kowa ya saki jiki. Wannan farin ba ruɓewa ba ne, kada a kankare shi. Kada a ba yaron asfirin. A bar shi ya ci abinci, ya sha ruwa sosai. In kun ga yana yawan haɗiya ba dalili, ko ya tofar da jan jini, ko ya yi amai mai duhu, ku ɗauke shi ko da ƙarfe biyun dare ne, ko da jinin ya tsaya, domin yakan dawo da ƙarfi.

Na san maganar kuɗi ce ke tura mutane wurin wanzami, kuma gaskiya ce. Amma ledar jini da kwanan asibiti bayan an yi ɓarna sun fi kuɗin kati tsada. A fara da Babban Asibitin Minna ko asibitin IBB, a nemi ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. In aikin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitin tarayya na Bida da cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. In yaron mai sikila ne, ko a danginku akwai wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, ku faɗa wa likita tun a ganin farko.