RA'AYI: Katin hoton da ya fi gudu ba lallai shi ya fi riba a Keffi ba

Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da tsadar haya ta koro daga Abuja ya kafa iyalinsa a Keffi ya saba da lissafin da ba ya ƙarewa: kuɗin mota ta Masaka da Mararaba da Nyanya, kuɗin makaranta, kuɗin mitar wuta. A 'yan shekarun nan wani sabon layi ya shigo lissafin. Yaro ya shiga Jami'ar Jihar Nasarawa da ke garin, ko yana shirin shiga, sai ya ce kwamfutar gida ba ta ɗaukar wasa, ba ta kuma ɗaukar aikin tace bidiyo da yake son koya. Abin da ta rasa, in ji shi, katin sarrafa hoto ne, wanda 'yan kasuwa ke kira girafiks. Sabo ya fi ƙarfin albashi, don haka dole a koma ga na hannu. Daga nan yaron zai miƙo waya, ya nuna bidiyon YouTube inda wani Bature ya jera tsofaffin katuna yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ce: "Abba, ka gani, a wannan kuɗin babu kamar RX 580."

Yaron bai yi ƙarya ba. Sai dai ma'aunin da ya kawo an yi shi ne a ɗaki mai sanyi, a ƙasar da ba a ɗauke wuta, inda abin da kawai ake ƙirgawa shi ne hotuna nawa kati ke fitarwa a daƙiƙa guda, da dala nawa aka biya. A Keffi akwai wasu ma'aunai da suka riga wannan: wutar da katin ke sha, kwamfutar da za a soka shi a ciki, da sauran shekarun da suka rage masa kafin kamfanin da ya ƙera shi ya juya masa baya. Wanda ya sayi kati bai duba waɗannan ba ya sayi doki ne bai tambayi kuɗin harawa ba.

Yana da kyau a fara sanin dalilin da ya sa tsofaffin katuna suka cika kasuwa. Shekaru da dama masu haƙar kuɗin kirifto, musamman Ethereum, sun riƙa sayen katunan hoto dami-dami suna kunna su dare da rana. A ranar 15 ga Satumba, 2022, Ethereum ta sauya tsarinta, haƙa da katin hoto ta daina aiki a kanta, sai masu rumbunan suka juye kayansu a kasuwar duniya. Wani kaso ya gangaro Afirka tare da sauran kayan gwanjo. Watanni tara bayan haka, a Yunin 2023, aka saki Naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Sabon kati ya yi wa mai albashi nisa daidai lokacin da tsoho ya yawaita. Wannan ne ya sa a shagunan kwamfuta na Banex Plaza a Wuse 2, da shafukan saye da sayarwa irin su Jiji, sunayen da aka fi ji su ne na katunan 2016 zuwa 2019.

Biyu daga ciki sun daɗe suna kokawa. GTX 1060 mai gigabait 6, na kamfanin Nvidia, ya fito a Yulin 2016 a kan dala 249, ya kuma shafe shekaru yana kan gaba a ƙidayar da dandalin wasanni na Steam ke yi ta kayan da 'yan wasa ke amfani da su, har zuwa ƙarshen 2022. RX 580 mai gigabait 8, na kamfanin AMD, ya fito a Afrilun 2017 a kan dala 229. A gudu kusan kunnen doki suke, wannan ya ci a wani wasa, wancan ya rama a wani, kuma ƙarin ma'adanar RX 580 ta taimake shi da wasanni suka ƙara nauyi. Bambancin da bidiyon YouTube ke wucewa da sauri shi ne na wuta: GTX 1060 an ƙera shi a kan wat 120, RX 580 a kan wat 185. A ƙasansu akwai ƙananan da ba sa wuce wat 75, wato GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, dukansu masu gigabait 4, waɗanda RX 580 ya fi gudu ba tare da gardama ba.

To, a yi lissafin. Tsakanin kati mai wat 185 da mai wat 75 akwai wat 110. Idan yaro na wasa awa huɗu kullum, katin na aiki da dukkan ƙarfinsa, bambancin ya kai yunit 13 da 'yan kai a wata. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar masu rukunin Band A zuwa Naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Ga gidan da ke wannan rukuni, bambancin ya kusa Naira 2,700 a wata, sama da 30,000 a shekara. Ba kuɗin da zai rusa gida ba ne, gaskiya, kuma wanda ke ƙaramin rukuni zai biya ƙasa da haka. Amma wanda ke ƙaramin rukuni shi ne wanda wuta ba ta daɗewa a gidansa, kuma a nan ne ainihin asarar take.

Gidan da ya dogara da inbata ba Naira yake ƙirgawa ba, awanni yake ƙirgawa. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, masu haɗa sola kuma kan gargaɗi mai batirin ruwa kada ya riƙa zuƙe fiye da rabi idan yana son batirin ya yi ƙarko. Saura 1,200 ke nan. Kwamfutar da ke ɗauke da RX 580, idan aka haɗa da allonta, tana iya kaiwa wajen wat 300 a tsakiyar wasa, wato awa huɗu ta gama da rabon. Mai ƙaramin kati za ta haura awa shida. Wannan batirin kuwa shi ne zai juya fanka cikin daren Maris da Afrilu, lokacin da zafin Keffi ke hana barci, shi ne kuma ke riƙe da firijin uwargida. Idan aka ce a tayar da janareta, kowa ya san abin da litar fetur ta zama tun daga 29 ga Mayu, 2023. Rigimar da za ta biyo baya a gidan ba ta cikin kowane jadawalin gwaji.

Wutar da kati ya sha kuma zafi take komawa. Kati mai wat 185 a ɗakin da babu na'urar sanyaya, ga ƙurar hunturu ta toshe masa haƙarƙari, zai rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. A lokacin, gudun da aka biya kuɗi dominsa ya zama labari.

Sai batun gidan da katin zai zauna. Yawancin kwamfutocin tebur da ke gidajen ma'aikata tsofaffin na ofis ne, HP ko Dell OptiPlex, da yawansu sirara. Akwatin wutarsu ƙarami ne, sau da yawa bai kai wat 300 ba, ba shi kuma da wayar nan mai baki shida ko takwas da manyan katuna ke buƙata. RX 580 ko GTX 1060 ba za su tashi a cikinsu ba sai an sauya akwatin wuta, wani lokaci ma ba ya sauyuwa saboda kamfanin ya yi masa mahaɗa ta daban, katin kuma ba zai shige siririn akwati ba. Mai irin wannan kwamfuta, GTX 1650 gajere, wanda ke shan wutarsa daga ramin da aka soka shi kawai, ya fi masa katin da ya ninka shi gudu amma ba ya kunnuwa. Haka ma RTX 3050 mai gigabait 6 na 2024, mai wat 70, ga wanda aljihunsa ya kai. Masu dabarar jona wayoyin ƙari daga mahaɗar faifai don ciyar da babban kati suna wasa ne da gobara, kuma arha ce da kan ci kwamfutar gaba ɗaya.

Ma'auni na uku shi ne wanda mai shago ba zai tayar da zancensa ba. Kati ba ya aiki sai da manhajar direba, wadda kamfani ke sabuntawa domin sababbin wasanni. Tun a 2023 AMD ta ware zuriyar RX 580 da RX 570 daga sahun da take bai wa cikakkiyar kulawa. Nvidia kuma ta sanar da cewa daga Oktoban 2025 katunan zuriyar GTX 900 da GTX 10, ciki har da 1050 Ti da 1060 da 1070 da 1080 Ti, sun gama samun direban sababbin wasanni, sai gyaran tsaro kawai duk wata uku har zuwa Oktoban 2028. Zuriyar GTX 16 da RTX 20 ba sa cikin wannan hukunci. Ma'ana, katuna biyu na iya zama a kan teburi ɗaya da farashi kusan ɗaya, alhali ɗaya ya yi ritaya, ɗaya yana da sauran shekarun aiki. Ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan bambanci.

A nan ne GTX 1080 Ti ke ba da tausayi. Ya fito a Maris 2017 a kan dala 699, da gigabait 11, kuma har yanzu yana ɗaukar wasanni da dama cikin izza. Amma wat 250 yake sha, direbansa ya tsaya, ba shi kuma da sashen sarrafa haske na zamani da wasu sababbin wasanni suka mayar tilas. Indiana Jones and the Great Circle na Disambar 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 ba sa buɗewa a kansa, alhali suna buɗewa a kan RX 6600, wanda bai kai shi suna ba. Ingarma ne, amma na ranar hawa.

Kafin duk wannan ma, uba ya tambayi ɗansa abin da yake bugawa. Mafi yawan samarin da ke cika gidajen gem a unguwannin ɗalibai ƙwallo suke bugawa, sai GTA V, wanda ya zo kwamfuta tun 2015 kuma kusan kowane kati a wannan jeri zai ɗauke shi. Kamfanin EA ya sa GTX 1050 Ti ko RX 570 a matsayin mafi ƙarancin abin da FC 24 ke buƙata, ya kuma ba da shawarar GTX 1660 ga mai son wasan ya tafi sumul. Wannan shawara ta faɗa daidai inda hankali ya kamata ya tsaya. GTX 1660 Super na Oktoban 2019, mai gigabait 6, ya fi RX 580 gudu, ya kuma fi shi ƙarancin shan wuta da wat 60, direbansa na raye, kuma manhajojin tace bidiyo sun saba da katunan Nvidia, abin da zai amfani yaron da ke son ya riƙa haɗa bidiyon biki yana samun na kashewa. Wanda ya iya ƙara kuɗi kuma yana da babban akwati da akwatin wuta mai kyau, RX 6600 na 2021, mai gigabait 8 da wat 132, shi ne inda gudu da tsimin wuta suka haɗu. RX 580 yana da hujja ɗaya tak da ta rage masa: idan farashinsa ya faɗi ƙasa sosai, gidan kuma na da wadatacciyar sola.

Ko a nan sai an buɗe ido, domin suna na ruɗi. Akwai RX 580 mai laƙabin 2048SP da aka yi wa kasuwar Sin, wanda a haƙiƙa ƙarfin RX 570 gare shi, kuma da yawa daga waɗanda ke zuwa cikin sabon kwali tsofaffin ƙwayoyi ne aka sake yi wa riga. Akwai GTX 1060 mai gigabait 3, wanda ba ma'adana kaɗai aka rage masa ba, har ƙwayoyin aikinsa 1,152 ne maimakon 1,280. Akwai kuma na jabu tsantsa, tsohon GTS 450 na 2010 da aka sauya wa suna ya koma 1050 Ti. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, takan tona irin waɗannan. Katin da ya yi aikin haƙa kuwa ba lallai matacce ba ne. Abin da ya fi gajiya a jikinsa fankoki ne da man da ke tsakanin ƙwaya da ƙarfen sanyaya, kuma mai gyara na iya sauya duka biyun. Amma ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi a allo alamar ma'adana ce ta fara lalacewa, wannan kuma ba a ciniki a kansa.

Daga Keffi zuwa tsakiyar Abuja tafiyar kilomita 50 ce da ɗoriya, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Mararaba ya san mayar da kaya ba ƙaramin aiki ba ne, balle kayan hannu da garantinsa, in ma akwai, kwanaki ne. Saye ta waya a aiko da direban mota sayen kifi ne a ruwa. Gara uban ya ware Asabar guda, ya sa kwamfutar gidan a but, ya tafi da yaron. Mai shago zai ce: "Yallaɓai, wannan ai daga Landan ya zo, ko ƙura bai sha ba." Amsar ita ce a soka shi a cikin kwamfutar da za ta zauna da shi, a buɗe GPU-Z a karanta sunansa da ma'adanarsa, a kunna wasan da yaron ke bugawa na rabin awa ana kallon ma'aunin zafi, a saurari fankoki, sannan a sa mai shago ya rubuta lambar jikin katin da kwanakin garanti a kan rasit kafin a tura kuɗi.