Anfirmiye Sabon Fita, Wa Zai Riƙe Masa Fitila?



Yau maganarmu a kan yaron nan ce, ko yarinyar nan, da motar kasuwa take saukewa a ƙofar likita, da akwati ɗaya da tabarma da takardar aiki a hannu. Ku duka kun san shi. Kun gan shi ran da ya sauka, rigarsa fara fat, yana gaida kowa, yana tambayar inda rijiya take. Kun kuma gan shi bayan shekara biyu, ya iya tsawa, ya iya wuce mai ciwo kamar bai gan shi ba. Abin da ya auku tsakanin ranakun nan biyu shi ne muke so mu bincika tare da ku.

Sai mu koma baya kaɗan. A shekara ta 1905 Nasara suka kafa aikin likita na talakawa a ƙasashen da suka mallaka a Afirka ta Yamma. A 1918 suka buɗe makarantar likita a Dakar, inda ake koyar da ƴaƴan baƙar fata aikin magani da ungozomanci. Amma ko wane irin ƙoƙari yaro ya yi, takardarsa ta mataimaki ce. Houphouët-Boigny kansa daga nan ya fito a 1925, da sunan mataimakin lokotoro. Daga baya aka yi makarantar Jamot a Bobo Julaso, wadda ta horar da anfirmiyoyin yaƙi da manyan cututtuka. Su ne suka bi ƙauye ƙauye suna laluben wuyan mutane don neman kaluluwar ciwon barci, suna duba kuturta, suna yin shaushawa. Ba mu raina su ba ko kaɗan. Agana da ta ɓata fuskokin kakanninmu, har duniya ta yi shelar ƙarewarta a 1980, da hannun irin waɗannan mutane aka kashe ta. Makarantar lafiya ta Yamai ma sunan anfirmiye take ɗauke da shi, watau Damouré Zika, wanda ya rasu a 2009.

Amma ku lura da yadda aka gina aikin. Anfirmiye hannu ne, kai yana wurin lokotoron soja Bafaranshe. Shi ke gani, shi ke yanke shawara, baƙin mutum ya ɗaure miki ya yi allura. Da muka karɓi mulkin kanmu ran 3 ga Agusta 1960, mu wajen mutum miliyan 3 ne. Yau mun haura miliyan 25. Lokotoro bai isa ko'ina ba, mafi yawansu suna manyan birane. Saboda haka aikin kai da aikin hannu duka suka faɗo a kan anfirmiye, ba tare da an sāke yadda ake shigar da shi aiki ba.

Ku duba likitar garinku, wadda ake ce wa CSI. Wane ne majo? Anfirmiye ne. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke rubuta magani, shi ke tsaron firijin allurar rigakafi kada ya mutu, shi ke hawa moto zuwa ƙauyuka, shi ke cika takardun ƙarshen wata. In babu sajifam, shi ke karɓar haihuwa. In sanƙarau ya taso da zafin bazara, kamar yadda ya yi mana ɓarna a 1995 da 2015, shi ne na fari da zai ga wuyan yaro ya sandare. Kuma sau da yawa wannan majo jiya jiya ya bar lakwal.

Shekara 3 ya yi yana karatu, da farasanci, a birni. Ya yi sitaj a babban asibiti inda akwai lokotoro a ɗaki na gaba, akwai ɗakin awon jini, akwai lantarki. In ma an yi sa'a ke nan, gama ƴan sitaj sun yi yawa, sai ka ga goma sun kewaye gado ɗaya, na baya bai ga kome ba sai ƙeyar na gaba. Sa'an nan a ɗauke shi a jefa shi inda babu ko ɗaya daga cikin abubuwan nan. Tsakar dare a kawo mace a amalanke, ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Babban asibiti yana da nisa, hanya rairayi, motar ɗaukar marasa lafiya sai an haɗa kuɗin mai. Dangi sun cika ƙofa suna kallonsa. A littafi ya san abin da ake yi, amma hannunsa bai taɓa yi ba, kuma ba wani babba kusa da zai ce masa, "Danna nan, kada ka ji tsoro." In matar ta rayu, an gode Allah. In ta cika, gari ya ce sabon likita bai iya ba. Shi kuwa ya kwana da abin a zuciyarsa, ba wanda zai gaya wa. Yaron da ya sha irin wannan dare sau uku, sau huɗu, ko ya gudu birni, ko zuciyarsa ta bushe.

Wannan ma wanda ya sami aiki ke nan. Tun lokacin da masu ba da bashi na duniya suka matsa wa gwamnatocinmu su rage ɗaukar ma'aikata, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, ƙofar aikin gwamnati ta ƙuntata. Makarantun lafiya na kuɗi kuwa sai ƙaruwa suke yi a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Uba ya sayar da gero, ya sayar da sa, ya biya shekara 3. Yarinya ta fito da difloma, sai a ce ta zo ta yi aikin sa kai har Allah ya kawo ɗauka. Ta yi shekara tana aikin dare ba ko dala. Wanda aka ɗauka da kwantaragi, kuɗinsa kaɗan ne, ba ya kuma da tabbacin gobe. To, muna tambaya: mutumin da ke riƙe da mabuɗin ɗakin magani, cikinsa babu kome, me ake tsammani zai yi? Muna faɗin wannan ba don mu wanke ɓarawo ba. Wanda ya sayar da maganin talaka azzalumi ne, ko da farar riga. Amma wanda ya ɗora yunwa gadin rumbu shi ma yana da tambayar da zai amsa.

A 2006 gwamnati ta ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duba su kyauta. Shawara ce mai kyau, ta kuma ceci rayuka, mata suka riƙa kawo yara da wuri. Sai dai kuɗin da gwamnati za ta mayar wa likitoci ya riƙa makara, wata da watanni, har kantar magani ta zama wayam. Uwa ta ji a rediyo an ce kyauta, ta zo, anfirmiye ya miƙa mata takarda ta tafi farmasi. Wa za ta zaga? Ba ta san minista ba. Wanda ke gabanta ta sani.

A 2003 masu bincike biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka fitar da littafi a kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Abin da suka samu ba baƙo ba ne a gare mu: wanda ya san wani a ciki a duba shi da fara'a, wanda bai san kowa ba ya sha rana da baƙar magana. Mu abin da muke ƙarawa shi ne, ba a koyar da wannan hali a aji. A bakin aiki ake gadonsa, cikin watannin fari, daga wanda sabon ya tarar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun bar ɗanyen icce ga duk wanda ya fara kama shi.

Saboda haka ga abin da muke nema, mu kuma faɗe shi da baki ɗaya. Kada a ƙara naɗa sabon fita majo shi kaɗai. Shekararsa ta fari ya yi ta ƙarƙashin tsohon anfirmiye mai hali, wanda aka zaɓa don wannan aiki, aka kuma biya shi ladan koyarwa. Makarantar da ba ta da asibitin da ɗalibanta za su sa hannu a aiki, kada a ba ta izinin buɗewa, ko ta wane ce. Aikin sa kai a yanka masa wa'adi, in ya cika a ɗauki mutum ko a sallame shi da takardar shaida. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kuɗin ƙasa. Mu ba mu kai nan ba, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tuna wa masu mulki da bakinsu suka faɗa.

Amma fa, ƴan'uwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke ajiye mai ciwo a gida kwana biyar, mu zaga wurin mai tallan ƙwayoyi a kasuwa, sai rai ya kai ga wuya mu kawo shi, mu ce a yi abin al'ajabi. Mu ne muke raina maganin sha, mu nace sai allura. Mu ne muke murɗa ɗari biyar cikin hannun yaro don a tsallake da mu layi, gobe kuma mu ce ya lalace. Mu ne muke cewa ba mu yarda namiji ya karɓi haihuwar matanmu ba, alhali mun fid da ƴaƴanmu mata daga lakwal kafin su kai inda za su zama sajifam. Daga ina za ta fito?

Ran kasuwa mai zuwa kowane kwamiti ya tura mutum biyu, namiji da mace, su tafi likita da la'asar, bayan layi ya ragu. Su tambayi ma'aikata nawa ne, nawa ke da albashi, nawa ke aikin sa kai, tun yaushe. Su tambayi sabon da aka kawo inda yake kwana, da inda yake samun ruwa, da wanda yake kira in abu ya fi ƙarfinsa da dare. In ba shi da masauki, a gana da mai gari a sama masa ɗaki kusa da likita kafin damina. A rubuta amsoshin, a ba direban da ke kawo muku wannan takarda ya iso mana da su kafin ƙarshen wata.