Kundin Injiniya a Kan Kanta, Bakanike a Gindin Bishiya

Duk shekara jami'o'in ƙasar nan suna yaye masu digiri na biyu da na uku a fannin injiniyancin injuna. Kowane ɗayansu sai da ya share shekara biyar kafin ya sami digirin farko, ya yi bautar ƙasa, sannan ya dawo ya ƙara shekara ɗaya da rabi ko biyu, wani ma fiye da haka, yana bincike a kan abu guda: injin casar shinkafa, ko na matsar man gyaɗa, ko na gurzar rogo. In ya gama a ɗinke kundin, a yi masa bango mai tauri, a ajiye ɗaya a sashe, ɗaya a ɗakin karatu. To, daga nan fa? Wannan ita ce tambayar da nake so mu tauna, 'yan'uwana ɗaliban harshe, domin a ganina muna da hannu a cikin amsarta, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa riƙe sifana ba.

Shi irin wannan karatu, asali an tsara shi ne domin ƙasa mai masana'antu. A Jamus, alal misali, ɗalibai da yawa a cikin kamfani suke yin binciken digirinsu na biyu, a kan matsalar da kamfanin ke son a warware masa. Mu kuwa fa? A 1979 aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilar kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, kuma har yau babbar tukunyar narka tama da ke can ba ta fara aiki ba. Kamfanonin haɗa motoci da aka buɗe a 1975, Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, sun ci zamaninsu, sannan suka ja baya. Saboda haka mai babban digiri ko dai ya koma aji yana koyar da abin da aka koya masa, ko ya nemi banki ko kamfanin mai, ko ya tsallake teku. Tsallakewar ma ta kai hukumar TETFund ta dakatar da ɗaukar nauyin karatun malamai a ƙasashen waje daga farkon 2025, kuma cikin dalilan da ta bayar har da tsadar kuɗin waje da masu tafiya su ƙi dawowa.

Amma duk da haka ana ƙera injuna a Nijeriya kullum. A je Panteka a Kaduna, ko Nnewi, ko Aba, a ga masu walda da masu zubi suna haɗa injin markaɗe daga tsohon ƙarfe. Su ne masana'antar da muke da ita a hannu, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa buɗe kundin jami'a a cikinsu.

Ɗauki injin niƙa, wanda babu unguwar da ba shi. Farantan ƙarfe biyu ne ke gugar juna suna murƙushe hatsi. In sun dakushe mai inji ya kai a wasa masa, ya mayar, su sake cinyewa. Ina ƙarfen da ya cinye ya tafi? Cikin garin tuwonmu da ƙullun kokonmu. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya da Gana sun daɗe suna rubutu a kan wannan, sun duba irin ƙarfen da ake zubawa da yadda za a ƙara masa tauri don ya rage zaizayewa. Wanda ke zuba farantin bai ji ba, mai injin bai ji ba, balle matar da ta aiko yaro da ƙwaryar dawa. Ilimin yana nan a rubuce, cikin Turancin da ko mu da ke jami'a sai mun yi da gaske kafin mu gane shi.

A nan ne namu aikin ya shigo, kuma ya fi gaban fassara kalma da kalma. Dubi kalmar "ƙarfi". Da ita muke faɗin turawa ko ja da ake yi wa abu. Da ita muke faɗin murɗawar da inji ke yi wa sandar da ke juyawa. Da ita muke faɗin yawan aikin da inji ke yi a daƙiƙa guda, wanda ake aunawa da wat ko ƙarfin doki. Da ita kuma muke faɗin juriyar ƙarfe kafin ya karye. A wurin injiniya waɗannan abubuwa huɗu ne mabambanta, kowanne da ma'auninsa, kuma wanda ya cakuɗa su ya faɗi jarrabawa. Ga misali: in faɗin faifan da bel ke zagayawa a jikin inji santimita 10 ne, na wajen niƙa kuma santimita 20, gudun juyawa zai ragu da rabi, murɗawa ta ninka biyu, amma aikin da injin ke iya yi a daƙiƙa bai ƙaru da komai ba. Bakanike ya san haka da hannunsa, zai ce maka "ya ƙara ƙarfi". Wane ƙarfin? In ba a raba kalmar ba, shi da injiniya za su yini suna magana kowa na nufin abu dabam. Haka "zafi" yake: da shi muke nufin abin da ma'aunin zafi ke nunawa, da shi kuma muke nufin yawan ɗumin da ya ratsa daga wuta zuwa tukunya.

Kada a ce Hausa ba ta da abin farawa. Maƙera sun bar mana zuga-zugi da masaba da awartaki da uwar maƙera, kanikawa kuma sun hausantar da birki da giya da filogi da fistin da salansa da totur, ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, shi ya sa muke iya nazarin nahawu da adabi cikin Hausa tsantsa. Ke nan mun yi wa kanmu gata, muka bar gareji a baya. Mu duba kantar sashenmu da idon basira: kundi nawa ne a kan jigo da salo a waƙoƙin wane, nawa ne kuma a kan harshen masu walda? Ba na raina waƙa, amma wasu mawaƙan an tatse su har sun ƙafe.

Shawarata guda biyu ce. A wajabta wa duk mai babban digiri da ya ƙera wani inji ya haɗa da taƙaitaccen bayani, shafi biyu ko uku da zane, cikin Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko harshen waɗanda aka yi injin dominsu, kuma ya kai wa masu ƙira su gwada kafin a sa masa hannu. Sannan sassan harsuna su riƙa tura ɗalibansu su yi wannan aiki tare da shi, malami ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Mu da ke karatu nesa da Kano da Sakkwato ma mun fi samun sauƙi, tunda maƙwabtanmu masu nazarin Yarbanci da Ibo ƙofa da ƙofa muke, ga kuma Hausawa masu injin markaɗe a Sabo ta Ibadan da Agege.

Na san za a ce ba kowane bincike ne na gareji ba, kuma gaskiya ne. Marigayi Farfesa Ayodele Awojobi na Jami'ar Legas, wanda ya fara karatun injiniya a Zariya ya kuma yi digiri na uku a Landan, lissafin girgizar injuna da harsashin da ake girka su a kai ne ya ɗaga sunansa a duniya, kuma ba mai cewa a mayar da wannan lissafi Hausa gobe. Amma ko shi, abin da mutanen gari suka riƙe shi da shi har bayan rasuwarsa a 1984 shi ne motar nan Autonov, mai sitiyari gaba da baya, wadda suka gani da idonsu.

Da za a ba ni zaɓi, da "gajiyar ƙarfe" zan fara. Lanƙwasa waya ka miƙe, ka sake lanƙwasawa ka miƙe, ba da daɗewa ba za ta tsinke, alhali ba ka ja ta da ƙarfin da zai tsinka ta a karo ɗaya ba. Haka sandar inji ke yi bayan ta juya sau miliyoyi: 'yar tsaga ta fara daga inda aka yi mata kaifin lungu ko mummunar walda, tana ci a hankali, ran nan ta ɓalle ana tsakiyar niƙa. Injiniya ya san cewa in aka sassauta lungun aka goge shi sumul, sandar za ta fi daɗewa. Wannan bayani bai fi layi biyar ba a Hausa, kuma mai walda zai iya aiki da shi a ranar da ya ji shi.