Gardama A Kan Kamala

 Yau zancen naku ne, 'yan makaranta na Kakuri da Barnawa da Narayi masu son littattafan zane, amma iyaye ma ku kasa kunne.

A shekarar 2014 kamfanin Marvel na Amurka ya fito da littafin wata jaruma, Kamala Khan, wadda ake yi wa laƙabi da Ms. Marvel. Yarinya ce Musulma 'yar shekara 16, iyayenta mutanen Pakistan ne mazauna Amurka. Baiwarta a littafin ita ce ta miƙa hannu ya yi tsawo, ta ƙara girma ko ta ƙanƙance, har ta sake kama. Da aka mai da labarin fim a 2022 sai aka canza, ƙarfinta ya zama wani haske da ya bayyana sa'ad da ta sa munduwar da kakarta ta aiko.

Nan fa gardama ta kaure tsakanin masoyanta. Waɗansu suka ce munduwa ta fi, gama ta haɗa yarinya da asalinta, da wahalar da kakanninta suka sha a 1947 da aka raba Indiya da Pakistan. Waɗansu kuwa suka ce an raba miya da gishiri. Domin a littafi, daren da ta sami baiwar, sai ta rikiɗa ta zama Baturiya mai gashi ruwan zinariya, watau Carol Danvers, jarumar da take sha'awa. Amma ba ta ji daɗin jikin aro ba. Da aka harbe ta ma, raunin bai warke ba sai da ta koma kamanninta.

To, ni dai ina bayan mutanen littafi. Ku shiga kasuwa ku dubi man bilicin da 'ya'yanmu ke saye don su yi fari. Waɗansunsa suna ɗauke da sinadarin makuri, mai ɓata fata da lalata ƙoda. Ashe wannan ba shi ne kuskuren Kamala na farko ba? Ita ta iya komawa nan take, amma fatar da mai ya ƙona takan daɗe ba ta gyaru ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Iyaye, lalle ku duba abin da 'ya'yanku ke shafawa, ku kuma riƙa yaba launin da Allah ya ba su tun suna ƙanana. Ku 'yan mata, ku rubuto mana ɓangaren da kuka bi, da dalilinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.