Karɓar Naira Daban, Farashin Naira Daban

'Yan uwa marubuta, duk mai son shafin sayar da littattafansa sai ya yi hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafin dare da rana. Manyan kamfanonin waje kuwa da dala suke yanka farashi. Dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ina marubuciyar Kawo za ta iya?

A Janairun 2025 Amazon ta fara karɓar naira, amma lissafin yana nan da dala. Wane sauƙi aka yi mana? Su tsayar da farashi da naira na shekara guda, su yi bayani da Hausa. In sun ƙi, mu yi karo-karo mu kama saba ɗaya, mu raba.