Ɓoyayyar Ƙofa A Cikin Kyamara Da Darajar Ƙuri'a A Tambuwal Da Kebbe

A babban zaɓen 2023, sakamakon kowace rumfar zaɓe a ƙasar nan, tun daga Dogon Daji da Jabo a ƙasar Tambuwal har zuwa Kuchi da Girkau a ƙasar Kebbe, an shirya ya bi ta idon kyamara kafin ya isa ga jama'a. Malamin zaɓe yakan cika takardar sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu, sa'an nan ya ɗauki hotonta da na'urar BVAS ya aika zuwa shafin Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, a intanet. Mutane da yawa sun ɗauka cewa hoto ba ya ƙarya, saboda haka magana ta ƙare ke nan.

To, amma masu gyaran irin waɗannan na'urori sun san wani abin da mai amfani da su bai cika sani ba. Kusan kowace kyamarar zamani tana da ƙofa biyu: ta gaba wadda kowa yake shiga, da ta baya wadda kamfanin da ya ƙera ta ya keɓe wa kansa da ma'aikatansa. Sanin wanda yake riƙe da mabuɗin ƙofar bayan nan, da sanin ko ana rubuta shigarsa da fitarsa, ya wajaba a kan ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, domin daga cikinsu ne ake ɗaukar masu aikin zaɓe.

Yadda ƙofar take

Kyamarar zamani ƙaramar kwamfuta ce mai ido. Idan mai hoto ya kunna ta yakan ga jerin umarni a kan allonta, inda yake zaɓen girman hoto da hasken da yake so da kwanan wata. Bayan wannan jerin akwai wani na biyu wanda ba a ambata shi a littafin da ake sayar da kyamarar da shi. Ba ya bayyana sai an danna waɗansu maɓallai a jere bisa wani tsari, ko kuma an haɗa kyamarar da kwamfutar mai gyara.

A kyamarorin Olympus, alal misali, wanda ya san jerin maɓallan yana iya buɗe wani shafi da zai nuna masa sau nawa kyamarar ta ɗauki hoto tun fitowarta daga masana'anta, da sau nawa fitilarta ta haska, da lambobin matsalolin da ta taɓa samu. Kyamarorin Panasonic ma suna da irin wannan shafi, wanda har yakan ƙirga sau nawa aka kunna su. Wayar hannu, wadda ita ce kyamarar yawancin jama'a a yau, ba a bar ta a baya ba, gama a wayoyin Samsung da dama akwai lambar da masu gyara suke bugawa su gwada allo da kyamara da lasifika ɗaya bayan ɗaya.

Babu mugun nufi a asalin wannan tsari. Masana'anta tana buƙatarsa don daidaita kowace kyamara kafin ta fita kasuwa, mai gyara kuma yana buƙatarsa don gano cuta. An ɓoye shi ne saboda wanda bai ƙware ba yana iya taɓa abu ɗaya ya lalata na'urar ɗungurungum. Har ma yana kare mai saye. Ɗan kasuwa zai iya goge jikin tsohuwar kyamara ta yi ƙyalli, amma ƙirgen da ke cikin ɓoyayyen shafin zai faɗi irin wahalar da ta sha, kamar yadda agogon mota yake faɗin yawan tafiyar da ta yi.

Abin da kamfani yake kullewa

Sai dai ƙofar da ake gyara ta cikinta, ta cikinta ne kuma ake kulle abin da ba a son mai saye ya samu. Shekaru da yawa kyamarorin hoto ba sa ɗaukar bidiyon da ya kai minti 30 a lokaci guda. Dalili kuwa shi ne Tarayyar Turai tana ɗora haraji a kan na'urar da ta kai wannan tsawo, saboda haka kamfanoni suka sa kyamarorinsu su tsaya da kansu ana saura daƙiƙa ɗaya, har zuwa 2019 da aka janye harajin. Haka kuma kamfanin Sony ya sayar da kyamarori a ƙasar Japan waɗanda ba sa nuna umarni sai da harshen Japananci, alhali kuwa a cikin waɗansunsu sauran harsunan suna nan a kulle, har waɗansu masu sha'awar abin suka rubuta manhajar da ta buɗe su. A 2009 ma an fito da wata manhaja mai suna Magic Lantern wadda ta ba kyamarorin Canon ikon yin ayyukan da kamfanin bai sa a jerin umarninsu ba.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai guda ne. Abin da na'ura take nunawa a allonta hukunci ne da wani mutum ya yanke, kuma wani mutum yana iya sauya shi. Ko kwanan wata da lokacin da kyamara take rubutawa a cikin kowane hoto daga agogonta suke fitowa, agogon kuwa hannu ne yake saita shi. Manyan kamfanoni sun yi ƙoƙarin sa wa hoto hatimin da zai tabbatar ba a taɓa shi ba, amma a 2010 wani kamfani na ƙasar Rasha mai suna ElcomSoft ya karya hatimin Canon, a 2011 kuma ya karya na Nikon. Dokar Shaida ta 2011 kuwa, a sashe na 84, ta shar'anta cewa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, tare da takardar shaida mai ɗauke da sa hannun wanda ke da alhakin kula da ita. Doka ba ta yarda da na'ura ita kaɗai ba, sai da mutumin da zai amsa tambaya a kanta.

BVAS ma tana da tata

Na'urar BVAS, wadda aka fara gwadawa a wani zaɓen cike gurbi a Jihar Delta cikin watan Satumba na 2021, tana aiki biyu. Tana tantance mai zaɓe ta yatsa ko ta fuska, tana kuma ɗaukar hoton takardar sakamako mai lamba EC8A. Malamin zaɓe yana ganin ƙofar gaba ne kawai. Kafin na'urar ta zo hannunsa, ma'aikatan fasaha na Hukumar sun riga sun shiga ta ƙofar baya sun saita ta ga rumfa guda, sun zuba mata rajistar wannan rumfa. A 2023 rumfuna 176,846 ne a ƙasar nan, saboda haka aikin saitin ba ƙarami ba ne.

Abubuwa uku da suka faru a shekarar sun nuna nauyin wannan aiki. Na farko, ran 25 ga watan Fabrairu hotunan sakamakon zaɓen shugaban ƙasa sun ƙi shiga shafin IReV, alhali na 'yan majalisa suna shiga. A rahoton da Hukumar ta fitar a 2024 ta ce kuskure ne a wajen saitin manhajar da ke karɓar hotunan, kuma hoton farko bai shiga ba sai wajen ƙarfe tara na dare. Ko da an karɓi wannan bayani yadda yake, ɓarnar da jinkirin ya yi wa amincewar jama'a ba ta gyaru ba, domin babu wani ɗan jam'iyya ko mai sa ido da yake tsaye a wurin da kuskuren ya auku.

Na biyu, Hukumar ta shaida wa Kotun Ɗaukaka Ƙara cewa lalle ne ta sake saita na'urorin kafin zaɓen gwamnoni, abin da ke nufin kwashe bayanan da ke cikinsu zuwa rumbun ajiyarta. Masu ƙara sun nuna tsoron kada shaidarsu ta salwanta. Ran 8 ga watan Maris kotu ta ba Hukumar izni, Hukumar kuma ta ɗage zaɓen daga ran 11 zuwa ran 18 ga wata saboda lokaci ya ƙure.

Na uku, ran 9 ga watan Mayu Kotun Ƙoli, a shari'ar gwamnan Jihar Osun, ta nuna cewa mai zargin an yi aringizon ƙuri'a sai ya kawo na'urar kanta ko bayanin da aka ciro daga cikinta, tare da rajistar masu zaɓe da takardar sakamako, domin abin da ke rumbun Hukumar bai wuce abin da na'urorin suka samu damar aikawa ba. Idan aka haɗa wannan hukunci da na watan Maris za a ga inda gizo yake saƙa. Shaidar da kotu ta fi ba ƙarfi tana zaune ne a cikin na'urar da akan sake saitawa tsakanin zaɓe da zaɓe.

Me ya sa Tambuwal da Kebbe

A wuraren da ake cin zaɓe da ratar dubban ɗaruruwa, wannan magana tana iya zama ta masana kawai. A kudancin Sakkwato kuwa ba haka take ba. A zaɓen gwamna na ran 9 ga watan Maris, 2019, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal na PDP yana gaban Alhaji Ahmed Aliyu na APC da ƙuri'a 3,413, amma ƙuri'un rumfunan da aka soke sun fi wannan rata nesa ba kusa ba, sai Hukumar ta ce zaɓe bai kammala ba. Da aka ƙarasa shi ran 23 ga wata, sakamakon Kebbe ne ya zo a ƙarshe, jihar duka tana jiransa. Bayan an haɗa, Tambuwal ya sami 512,002, Ahmed Aliyu ya sami 511,660. Ƙuri'a 342 suka raba gardama, watau abin da bai kai yawan masu rajista a rumfa ɗaya matsakaiciya ba.

A wancan lokaci na'urar karanta kati ake amfani da ita, ba a fara aika hoton sakamako ba. Zuwan BVAS kuwa bai kawar da irin wannan kusanci ba. A zaɓen watan Fabrairu na 2023 ba a kammala ko ɗaya daga cikin kujerun sanata uku na jihar ba, har Hukumar ta dakatar da kwamishinanta na Sakkwato, sai ran 15 ga watan Afrilu aka ƙarasa. A nan ne Aminu Waziri Tambuwal ya ci kujerar Sakkwato ta Kudu da 'yar rata kaɗan a kan Sanata Ibrahim Abdullahi Ɗanbaba, Alhaji Abdussamad Dasuki kuma ya ci ta majalisar wakilai mai wakiltar Kebbe da Tambuwal.

Bugu da ƙari, BVAS tana tantance mutum ba tare da intanet ba, amma aika hoto sai da layin sadarwa. A ƙauyukan da layin ba shi da ƙarfi, sai an bar rumfa an nemi inda za a samu. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce idan ƙuri'un da aka jefa sun fi yawan waɗanda aka tantance, a soke rumfar. Ke nan lambar da ke cikin na'ura ɗaya, a hannun mutum ɗaya, a kan hanyar Kebbe da dare, tana iya tsayar da sakamakon rumfa ko ta rushe shi, rumfa ɗaya kuma tana iya tsayar da gwamna. Wannan bayani bai ɗora wa kowa laifin taɓa na'ura ba. Yana nuna girman amanar da aka danƙa wa mutanen da jama'a ba su san fuskokinsu ba.

Abin da ya kamata a yi

Toshe ƙofar baya ba zai yiwu ba, domin na'urar da ba a iya saitawa ko gyarawa ba ta da amfani. Abin da ake buƙata shi ne a yi mata irin tsaron da kowane ma'aikacin gwamnati ya sani game da baitulmali, inda akwai littafin shiga da fita, kuma mutum ɗaya ba ya riƙe mabuɗi shi kaɗai.

Ya kamata Hukumar ta riƙa saita na'urorin kowace ƙaramar hukuma a gaban wakilan jam'iyyu da masu sa ido, ta kuma buga lambar kowace na'ura tare da sunan rumfarta kafin ranar zaɓe, yadda wakili a Sanyinna ko Margai zai iya duba lambar da aka kawo masa. Duk ma'aikacin fasaha da ya karɓi na'ura don gyara a ranar zaɓe, a rubuta sunansa da lokaci da abin da ya yi, wakilai su sa hannu. Kada kuma a sake saita wata na'ura sai an ciro bayananta an ba kowane ɗan takara kofe mai hatimi. Majalisar Tarayya tana iya mai da waɗannan sharuɗɗa doka, 'yan majalisar da suka fito daga wannan yanki kuwa sun fi kowa sanin dalili.

Ga ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima da za a ɗauka aikin zaɓe, wajibi ne su nuna wa jama'a cewa ƙirgen na'ura yana kan sifiri kafin a fara, su karanta adadin waɗanda aka tantance da ƙarfi kafin a buɗe akwati, su ɗauki hoto bayan kowa ya sa hannu, kada kuma su miƙa na'ura ko kalmar sirrinsu ga wanda ba a rubuta sunansa ba. Wakilan jam'iyyu su ma kada su bar rumfa ba tare da kofensu na takardar sakamako ba, gama Kotun Ƙoli ta faɗa ran 26 ga watan Oktoba, 2023, cewa shafin IReV wurin kallo ne, ba a nan ake haɗa sakamako ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya dace jam'iyyu da ƙungiyoyin sa ido na Tambuwal da Kebbe su nemi a nuna musu littafin saitin na'urori shi ne tun kafin a loda su a mota, domin bayan an soke rumfa sai dai a tafi kotu.